Jan Siffa a Kan Jagora: Turbar Wuƙa a Manhajar Injin CNC da Amfaninta ga Kafintocin Gwarzo da Kabo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ɗaya daga cikin hanyoyin da manhajar kwamfuta ke bi wajen tsara tafiyar wuƙa a injin sassaƙa na CNC, wato hanyar da ake ɗaukar siffa guda a ja ta a kan layi guda. An bayyana yadda ake gina ta, an yi lissafin santsi da na lokaci, an kuma nuna wuraren da take gazawa, musamman a lanƙwasa da kusurwa da mahaɗar dagi. Ra'ayin da aka tsaya a kai shi ne, ita ce ta cancanci a fara koya wa matasan kafintoci na Gwarzo da Kabo, kafin a kai su ga sassaƙa hotunan da ake saukowa da su daga intanet.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ya bar sabon mazaunin Jami'ar Bayero a bayansa, ya wuce Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, da wuya ya kai ƙarshen tafiyar nan ta kimanin kilomita 70 bai ga magini a kan tsani yana yi wa taga ado ba. Aikin maginin nan shi ne tushen takardata. Ya yanki guntun langa-langa ya fitar masa da baki mai tudu da kwari. Ya kafa miƙaƙƙen katako a jikin bango. Ya yaɓa siminti, sannan ya ɗora guntun a kan katakon ya ja. Ja ɗaya, ja biyu, ja biyar, sai ga ado ya fito iri ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan. Bai sassaƙa komai da hannu ba. Abu biyu kawai ya tanada, sauran aikin ja ne.

Waɗannan abubuwa biyu su ne zan riƙa kira siffa da jagora. Siffa ita ce abin da za ka gani in ka sa zarto ka gitta katakon ado ka dubi bakin yankan. Jagora kuwa shi ne layin da siffar take bi, miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe, buɗaɗɗe ko mai zagayowa ya haɗe. Bakin da ke juyawa yana cin katako zan kira shi wuƙa, layin da tsakiyarsa ke bi kuma turba. Idan manhaja ta haɗa siffa da jagora ta fitar da turba, wannan shi ne jan siffa.

2.0 Yadda inji yake jin magana

Asalin wannan fasaha daga ƙera jirgin sama ne. A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons da abokin aikinsa Frank Stulen a jihar Mishigan ta Amurka suka fara lissafa ɗaruruwan ɗigogi na lanƙwasar fiffiken jirgi mai saukar ungulu, suna karanta wa masu juya inji lambobin. Rundunar sojin saman Amurka ta ba da kuɗin ci gaba da aikin a 1949, kuma a 1952 cibiyar MIT ta nuna injin da ke karɓar umarni daga takarda mai huji-huji. Nan take aka gane cewa rubuta lambobin da hannu ya fi ƙera injin wuya, shi ya sa Douglas Ross da tawagarsa suka fito da harshen APT a ƙarshen shekarun 1950, domin mutum ya bayyana sura, kwamfuta ta lissafa turba. Duk manhajojin da muke amfani da su yau jikokin wannan tunani ne.

Injin da ya shafe mu yana motsi ta fuska uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa, waɗanda ake wa laƙabi da X da Y da Z. Umarnin da yake fahimta kaɗan ne ƙwarai. G00 na nufin ruga zuwa wuri kaza ba tare da yanka ba. G01 na nufin yanka a miƙe. G02 da G03 na nufin yanka a lanƙwashe, ɗaya ta yadda hannun agogo ke juyawa, ɗaya akasin haka. Inji bai san ƙofa ba, bai san fure ba. Ɗigo ya sani da ɗigon da ke biye masa. Hikimar duk tana wurin wanda ya yanke shawarar wace hanya wuƙa za ta bi tsakanin ɗigogin.

Nau'in da aka fi gani a wuraren aikin katako da allunan talla shi ne wanda ake kira 1325, saboda teburinsa milimita 1300 ne da 2500, daidai ɗaukar fallen MDF mai 1220 da 2440. Da yawansu daga birnin Jinan na ƙasar Sin ake kawo su, kuma wuƙarsu kan yi juyi 18,000 zuwa 24,000 a minti ɗaya. Da irinsa zan yi misalaina.

3.0 Gina turbar

Sunan abin ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Mastercam, wadda ta fito tun 1983, tana neman layi mai gittawa da layi mai bin tsawo. VCarve da Aspire na kamfanin Vectric a Ingila suna da turba ta musamman don katakon ado, mai neman jagora da siffa. ArtCAM, wadda Autodesk ya daina sayarwa a 2018 kuma Carveco ta gaje ta, tana iya jan siffa a tsakanin jagora biyu. A nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Wani lokaci jan siffa yana gina sura ce a cikin kwamfuta, daga baya a zo a nemo mata turba. Wani lokaci kuma turbar ake fitarwa kai tsaye daga layukan biyu, ba tare da an gina komai ba. Ta biyun nake nufi, domin ita ce ta fi sauƙi kuma ta fi tsabta.

Ga abin da manhaja take yi. Takan ɗauki siffa ta rarraba ta gida-gida da tazarar da aka ba ta. Wannan tazara ita ce taki. A kowane gida sai ta tambayi kanta: ina ya kamata tsakiyar wuƙa ta tsaya domin bakinta ya taɓa siffar a daidai nan, ba tare da ya ci wani wuri ba? Amsar takan ba ta lamba biyu, nisa daga jagora da zurfi. Sai ta zana layin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da jagora a wannan nisa, ta sa shi a wannan zurfi. Ta koma gida na gaba ta maimaita. A ƙarshe abin da ke hannunta jerin layuka ne masu bin juna, kowanne a zurfinsa, kuma muddin wuƙa tana kan layi ɗaya ba ta hawa ba ta sauka.

Abin da ya rage wa mai aiki shi ne ya kula da abubuwa kaɗan waɗanda kuskure a cikinsu ke cinye katako. Na farko, jagora yana da mafari da alkibla, kuma su ne ke nuna ko siffa za ta kwanta a damansa ko a hagunsa. Wanda bai duba ba yana iya samun tudun adon a inda yake son kwari. Na biyu, tsawon siffa kada ya wuce kaurin katako, kuma kaurin na gaskiya ake nufi, wanda aka auna, domin abin da aka saya da sunan milimita 18 ba kullum yake cika 18 ba. Na uku, ba a sa ƙaramar wuƙa ta kwashe tulin katako. A fara ɓarza da babbar wuƙa mai shafaffen baki, hawa-hawa, a bar kamar rabin milimita, sannan wuƙa mai kan ƙwallo ta zo ta yi gyaran ƙarshe. Daga nan a kalli kwaikwayon aikin a fuskar kwamfuta tun daga farko har ƙarshe. Minti biyar ɗin nan sun fi fallen maɗaci araha.

4.0 Kunya da kwari

Manomin Getso ko na Garo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Garma in ta wuce takan bar kwari, tsakanin kwari da kwari kuma akwai kunya. Wuƙa mai kan ƙwallo haka take yi wa katako, sai dai kunyarta ƙanana ce, sai ka shafa da yatsa ko ka karkata katakon ga rana za ka gan ta. Tsayin kunyar ana lissafa shi kusan daidai ta wannan hanya: a ninka taki da kansa, a raba da takwas sau rabin faɗin wuƙa.

Mu ɗauki wuƙa mai faɗin milimita 6, rabinta 3. In taki milimita 0.6 ne, kunya za ta kai 0.015, abin da sanfefa mai laushi ke sharewa da shafa biyu. In aka ninka taki ya zama 1.2, kunya ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu za ta yi, ta kai 0.06. Wannan ƙa'ida ita ce ciniki na farko da mai inji zai koya: rabin lokaci a kan inji, ninki huɗu a hannun mai goga.

Yanzu mu sa shi a kan ƙofa. A ce za a zagaye fuskar ƙyaure da ado mai tsawon milimita 1600 da faɗin 600, shi adon kansa faɗinsa 40, amma in ka bi hawa da saukarsa da zare zai kai 50. Da takin 0.6 ana bukatar zagaye 84. Matsakaicin zagaye ɗaya mita 4.24 ne, jimilla kimanin mita 356. In wuƙa tana cin mita 3 a minti, aikin awa biyu ne. Da takin 1.2 awa ɗaya ne. Kafinta zai iya wannan lissafi a bayan kwalin siminti kafin ya yanke wa mai gida farashi, kuma ina ganin wannan kaɗai babban abu ne, domin tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, awa ɗaya a kan janareta ta zama abin da ake ƙirgawa a cikin kuɗin ƙofa.

To mene ne laifin ɗaya hanyar, wadda aka fi sabawa da ita, inda ake gina sura sannan a sa wuƙa ta riƙa kai da komo a kanta layi-layi kamar mai huɗa? A kan hoto mai tudu da kwari ba tsari, kamar fure ko dawisu, ba ta da laifi, ita ce ma mafita. A kan adon da ke bin layi kuwa ɓarna ce. A misalinmu na ƙyaure, in kai da komon yana bin ɓangarori biyu masu tsawo, to sauran biyun sai ya gitta su. In aka juya shi ya bi gajerun, sai ya gitta dogayen, kuma kowane milimita 520 na tsawon da aka gitta yana cin gajerun layuka 867. A kowane layi wuƙa za ta hau, ta sauka, ta tsaya, ta juyo. Injin bai gama ɗaukar gudu ba an ce ya tsaya. Sannan kunyar da za a bari tana kwance a gicciye, ga shi mai goga tsawon ado yake bi da sanfefa, don haka sai ya ci gefunan da ya kamata su fito da kaifi kafin kunyar ta ɓace. A jan siffa kunyar tana bin tsawon adon ne, tana ɓuya a cikin layukansa, ido ma ba ya kama ta.

Akwai wani abu mafi muhimmanci da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Kai da komo yana auna takinsa ne daga sama, kamar mai leƙen gona daga kan bishiya. A wuri shimfiɗaɗɗe babu matsala. A gangare kuwa takin da ya yi kama da 0.6 daga sama, a jikin katakon ya fi haka. Gangare mai digiri 60 yana mayar da shi 1.2, kunya ta ninka huɗu. Mai digiri 75 yana mayar da shi sama da 2.3, kunya ta ninka kusan sau 15. Shi ya sa za ka ga ƙofa samanta sumul, amma gefen adonta kamar matakala. Jan siffa yana iya auna takin a jikin siffar kanta, ya matso da layuka a inda gangare ya yi tsanani, saboda haka santsin yakan zama ɗaya ko'ina.

Ƙari a kan haka, girman fayil. A ce saman wata ƙofa baka ce mai rabin faɗi 450. In manhaja za ta kwaikwayi wannan lanƙwasa da gajerun miƙaƙƙun layuka ba tare da ta kauce fiye da milimita 0.01 ba, kowane guntu bai wuce milimita 6 ba, wato guntaye 236 a zagaye ɗaya, kusan layin umarni 20,000 a zagaye 84. Da yake a jan siffa zurfi ba ya canjawa a kan layi, kowace lanƙwasa tana iya fita da umarnin G02 guda ɗaya. Tsohuwar kwamfuta da ƙaramin akwatin sarrafa inji ba sa shaƙewa, kuma motsin yakan fito babu ɓari.

5.0 Inda take gazawa

Ba zan yi wa hanyar nan adalci ba in na ɓoye iyakarta. Wuƙa daga sama take zuwa, don haka duk siffar da ta shige ƙarƙashin kanta, inji mai fuska uku ba zai kai gare ta ba. Haka kuma kwarin da ya fi kan wuƙa ƙunci ba zai fito ba. Wuƙa mai faɗin 6 ba za ta fitar da lungu mai kaifi ba, za ta bar shi a mulmule. Maganinsa a zana siffar tun farko da sanin wuƙar da ake da ita a akwati, ko a bi lungun da wuƙa mai tsini a zagaye ɗaya na ƙarshe.

Lanƙwasa ita ce ta fi kama sababbin hannu. In jagora ya lanƙwasa da rabin faɗi 30, aka kuma ce siffa mai faɗin 40 ta kwanta ta cikin lanƙwasar, layukan da ke bin jagora za su yi ta ƙanƙancewa har su zama ɗigo a nisan 30. Abin da ya wuce nan sai ya juye ya hau kan ɗan'uwansa. Wata manhajar za ta ƙi yin aikin, wata za ta datse abin da ya harɗe, wata kuma ta fitar da turbar haka nan, wuƙa ta je ta cinye adon da ta gama yi. Saboda haka ne wasu manhajojin, in jagora mai haɗewa ne, ba sa yarda su shimfiɗa siffa sai ta waje. Dokar a taƙaice: lanƙwasar ciki kada ta gaza faɗin siffa.

A kusurwa kuma akwai zaɓi. Ko wuƙa ta kewaye ta fito da ita a mulmule, ko ta zarce ta karyo ta fito da kaifi kamar yadda kafinta ke haɗa firam da yankan digiri 45. A kan layin haɗin nan ado mai faɗin 40 yakan miƙe ya kai kusan 57, kuma in haɗin kwari ne, kan ƙwallo ba zai shiga ƙarshensa ba. Nan ne ɗan aikin hannu yake dawowa, kuma ban ɗauke shi aibi ba.

Sai dagi. Na daɗe ina kallon adon bangon gidajen cikin birnin Kano da na Zariya, da wanda ke Gidan Makama, da aikin wuyan babbar riga, kuma abin da na lura shi ne yawancinsa ɗamara ce mai kauri ɗaya tana yawo a kan layi. Wato jan siffa ne tun kafin a ƙera kwamfuta. Matsalar dagi ita ce ɗamarar tana gitta kanta, nan ta bi ta sama, can ta bi ta ƙasa. In aka ja siffa a zurfi ɗaya, a kowace mahaɗa zagaye na biyu zai yanke na farko, a sami gicciye maras ma'ana. Ana fita daga wannan ta hanya uku. Ana iya ba jagora hawa da sauka, ya nutse kafin mahaɗa ya taso bayanta. Ana iya amfani da kayan saƙa da Aspire da Carveco suke da shi, a gina surar sannan a nemo mata turba, amma a nan an koma ga dogon fayil. Ko kuma a datse jagora guntu-guntu, igiyar da za ta bi ta ƙasa ta tsaya daf da gefen ta sama, ta ci gaba a ɗaya gefen. Ni na fi son ta ukun ga mai koyo. Ita ce dabarar da mai zanen dagi a takarda yake yi: ya katse layi, idon mai kallo ya cika sauran. Kuma tana tilasta wa yaro ya zauna ya ƙirga mahaɗai, ya fahimci dalilin da ya sa sama da ƙasa suke karɓa-karɓa, wanda in ya ɓata ɗaya duk dagin ya kwance.

Haka abin yake ga bakan gizo. Bakar da magina suke ɗaurawa da azara, irin wadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai maƙura da ita a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba rabin da'irar kamfas ba ce. Azara ake jerawa, kowane tsayi ya ɗan leƙo kan na ƙasansa, laka ta rufe, shi ya sa lanƙwasar take da nata tashi. Wanda ya danna maɓallin da'ira a manhaja zai sami baka, amma ba tamu ba. In ana son ta fito a ƙyauren masallaci ko mumbari ko kan gado, sai a ɗauki hoton ta gaske daga gaba sosai, a bi ta da layi, wannan layin ya zama jagora.

6.0 Katako da wuta

Manhaja tana ɗauka cewa katako shimfiɗaɗɗe ne kuma jikinsa ɗaya ne ko'ina. MDF ya yi kusa da haka. Maɗaci da kawo da maje ba haka suke ba. Katakon da aka ɗauko daga 'yan katako na Na'ibawa da sauran danshinsa, in ya kwana biyu a iskar hunturu ta Gwarzo sai ya bankare, kuma bankarewar milimita ɗaya ta isa ta sa ado ya yi kauri a wannan gefe ya sirance a wancan, tunda zurfin kowane layi a kafe yake. Dole a bar shi ya bushe, a daidaita fuskarsa a kan injin kafin a fara, a kuma ɗaure shi sosai. Sannan jagora mai zagayowa yana sa wuƙa ta gamu da zaren itace ta kowace fuska. A wani ɓangaren baka tana bin zaren, a wani tana tayar da shi, kuma nan ne gefe ke ɓallewa. Rage abin da aka bar wa gyaran ƙarshe, da wuƙa mai kaifi, da jarraba alkiblar tafiya a kan guntu kafin a taɓa na gaske, su ne ke rage wannan. Ƙurar kuma ba abin wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi, musamman a hanci, ga kuma gam ɗin da ke cikin MDF. Injin zuƙe ƙura da takunkumi suna cikin kuɗin kafa wurin aiki, ba ƙari ba ne.

Na taɓa tsayawa a wani wurin aiki a cikin birni ana sassaƙa fuskar ƙofa da fayil guda mai tsawon awoyi. Ana tsaka da aiki wuta ta ɗauke. Yaron da ke kula da injin bai rubuta inda ya kafa mafarinsa ba, da ma ba wanda ya koya masa. Da aka tayar da janareta ya yi ƙoƙarin komawa da ido, ya kauce da abin da bai kai kaurin farce biyu ba, amma layin ya fito a tsakiyar ƙofar kamar tabo. Abin ya dame ni ƙwarai, domin katakon ya fi albashinsa na wata. Irin waɗannan injuna, da zarar wuta ta yanke, sukan manta inda suke. Wanda ya mayar da inji gidansa, wato wurin tsayuwarsa na asali, kafin ya fara, ya kuma rubuta lambobin mafarin aiki a littafi, zai iya dawowa daidai. A nan ma jan siffa ya fi sauƙin sha'ani, domin aikin a rarrabe yake da kansa: ɓarza fayil ɗaya, firam ɗin waje fayil ɗaya, baka fayil ɗaya, kowace igiyar dagi nata. In wuta ta ɗauke a zagaye na 50, a koma na 49 a ci gaba, wuƙa za ta bi iska na ɗan lokaci sannan ta kama katako ba tare da tabo ba.

7.0 Wa zai koyar, kuma da me za a fara

Yankin nan ba ya rasa inda za a dasa wannan ilimi. A Gwarzo akwai Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, inda ake koyar da zanen gine-gine, kuma ɗalibin da ya iya zana tsarin gida a kwamfuta ya riga ya iya zana jagora. A Kabo gwamnatin tarayya ta kafa babbar makarantar fasaha. Kasuwa kuma tana nan: kayan ɗakin amare da ake rububinsu bayan kaka, ƙofofin sababbin gidaje da na masallatai, allunan makarantu da na shaguna. Ba sai kowane kafinta ya mallaki inji ba. Kamar yadda ake kai hatsi injin niƙa, haka za a iya kai katako da fayil wurin inji guda a gari, a biya kuɗin awa.

Damuwata ita ce abin da za a kai wa injin. Hanya mafi sauƙi ita ce a sauko da hoton ganye da furannin Turai wanda wani ya ƙera, a danna, a jira. Yaron da aka fara da shi a haka zai zama mai gadin inji. Bai san me ya sa aikin ya ci awa shida ba, ba zai iya rage shi ba, kuma in mai gida ya ce a ƙara faɗin adon da yatsa ɗaya sai ya tsaya. Wanda aka fara da shi da layi biyu kuwa, zanen nasa ne, lissafin nasa ne, kuma zai iya zama da tsohon magini ko maɗinki ya karɓi abin da ke kansu ya mayar da shi jagora.

Saboda haka ga darasin da nake ba da shawarar a fara da shi a makon farko. A aiki kowane ɗalibi wurin magini ya aro guntun langa-langar da yake jan ado da shi. Ya ɗora shi a takarda mai gida-gida ya bi bakinsa da fensir, ya auna, ya shigar da siffar cikin manhaja. Ya ja ta a kan miƙaƙƙen jagora mai tsawon milimita 300 sau uku, da takin 0.3 da 0.6 da 1.2, ya rubuta hasashen lokacinsa kafin inji ya tashi, ya riƙe agogo, ya kwatanta. Sannan ya kai guntayen uku wurin maginin, ya ɗora langa-langar a kan kowanne, su duba tare ko haske yana ratsawa tsakanin ƙarfen da katakon.